Sun Yi Barci a Hanyar Dutse

Tun ranar da aka kira babbar 'yarsa a waya aka ce ta samu aikin, Malam Taswira ya riga ya san ta hanyar da zai kai ta. Sunan nan ɗalibai ne suka laƙaba masa, don ya daɗe yana koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, kuma ba a taɓa ganin ya shiga aji ba tare da naɗaɗɗiyar taswira a hammata ba. Da farko ya yi ta horon masu faɗar sunan. Da ya ji shugaban makaranta ma haka yake kiransa a ɗakin malamai, sai ya haƙura.

Hanya biyu ce tsakanin garinsu da birnin da yarinyar za ta fara aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti. Akwai sabuwa, mai faɗi, miƙaƙƙiya kamar da rula aka ja ta, wadda ba abin da mutum zai kalla a kanta sai bayan tirela da gidajen mai. Akwai kuma tsohuwa, wadda take hawa ta kan duwatsu. A can ƙololuwa akwai ɗan fili a gefen titi, inda in ka tsaya ka juya hagu za ka hango garin da ka baro, in ka juya dama ka hango wanda za ka. Sau ɗaya ya taɓa tsayawa a wurin, yana saurayi, lokacin da motar haya ta yi zafi direba ya sauke su. Tun daga nan babu ajin da bai ba labarin wurin ba.

Abin da yake so bai da yawa. So yake ya tsayar da yarinyar a wannan filin, ya nuna mata nan, ya nuna mata can, ya ce, "Kin gani, Mamana? Gida ba nisa." Mamana yake ce mata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ya san yadda abin yake tafiya in yaro ya bar gida, ya gani a gidajen abokansa: watan farko waya kullum, na biyu sai ƙarshen mako, shekara na zagayowa sai dai saƙon murya da hoton kyanwa. Kuma shi ba mutumin da zai zauna a falo ya dubi 'yarsa ya ce ki riƙa zuwa gida ba ne. Bakinsa ba ya buɗuwa da irin wannan magana sai in akwai abin da zai nuna da yatsa.

Ana gobe tafiya ya shimfiɗa taswirar a kan teburin cin abinci, ya danne gefe ɗaya da gwangwanin sukari, ɗaya da rimot.

"Baba, waya ta ce ta sabuwar hanya ta fi sauri," in ji Auta, ƙaramar 'yarsa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Waya ta taɓa hawa dutse?"

"Ta ce taka ja ce. Ja fa, Baba. Duk ta kanannaɗe kamar hanji."

"Wanda ya ƙera wayar ma da ya ga wurin nan da ya ajiye ta ya yi kallo."

Matarsa, wadda yaran suke ce wa Umma, tana durƙushe a gaban akwati tana danna shi da gwiwa. Ma'aikaciyar jinya ce, irin waɗanda ko kasuwa za su sai sun ɗauki jakar magani. Ta ce, "Malam, ka dai tuna mai kula da gidan da za ta zauna ya ce da la'asar zai kulle ya tafi, kuma ba zai dawo ba sai bayan hutun ƙarshen mako. In ba mu karɓi makulli ba, a ina yarinya za ta kwana? Ga aiki washegari da safe."

"Za mu isa rana na tsaka."

"Hanyar tana da kwana-kwana?"

A nan ne Malam Taswira ya yi abin da malamai suke yi in an yi musu tambayar da suke so. Ya miƙe tsaye. Ya ce kwana ai ba a magana. Ya ce akwai inda mota za ta juya har mutum ya ga kamar zai haɗu da bayan motarsa. Ya ɗaga hannu ya riƙa murɗa shi a iska, yana hawa yana sauka, yana karkata jiki har hularsa ta kusa faɗuwa. Ya ce kunne ma toshewa yake yi saboda tsawo.

Umma ta dube shi, ta dubi Auta, ta ce, "To." Ya ɗauka sha'awa ce ta kama ta. Ya manta sarai cewa wannan Autar ce, tana ƙarama, ta taɓa amayar da duk abin da ke cikinta a kan wata taswirar tasa a bayan mota, kuma tun daga ranar Umma ta ɗauki kwanar hanya a matsayin cuta.

Babbar tana jin su. Tana zaune a hannun kujera tana naɗe wayar dutsen guga, ta yi ɗan murmushi kawai. Shi kuwa wannan murmushin ya ishe shi kwana.

Ɓacin rai na farko da safe ya zo. Ya riga ya goge kujerar gaba, ya matsar da ita, ya wanke gilashin gefen da sabulu don Mamansa ta ga hanya tas. Yana kan rufin mota yana ɗaure katifa sai ga surukarsa, Inna, ta fito da sandarta da ledar takalma, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna ta ja bel.

"Inna, ashe da ke za a je?"

"Jikata za ta bar gari in zauna ina gadin kujeru? Gwiwata ba ta lanƙwasuwa, baya ba ta yi mini. Ɗaure abinka da kyau, na ji igiyar tana lilo."

Inna tana da yanar ido. Abin da ya wuce tsawon hannunta duk hazo ne a wurinta. Wato kujerar da ta fi kowace kallo a motar ta faɗa hannun mutum ɗaya tilo da ba ta gani. Malam ya haɗiye abin da ya taso masa, ya ja igiyar da ƙarfin da bai kamata ba. Daga saman motar ya hango Umma a bakin ƙofa tana zagawa da kofin ruwa, kowa na kurɓa, bai kawo komai a ransa ba. Ya ma ji daɗi cewa ana shan ruwa kafin tafiya, kamar yadda yake faɗa wa ɗalibai.

Suka fita gari lafiya. A mahaɗar da sabuwar hanya ta miƙe dama, duk motoci suka bi can, shi kaɗai ya karya hagu, yana jin kansa kamar wanda ya san wani sirri. Ya fara bayani. Ya ce su lura da yadda launin ƙasa yake sauyawa. Mamansa ta ce, "Eh, Baba, ta fi ja." Ya ce wancan rafin daga kan dutsen da za su hau ya gangaro. Auta ta ce, "Uhm." Ya ce itatuwan nan ba sa fitowa sai inda akwai tsawo. Umma ta yi hamma ta ce masha Allah.

Hanya ta fara hawa. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, duniya ta wanku, ciyawa shar, duwatsu baƙi wuluk suna sheƙi, ga wani siririn ruwa yana zubowa daga sama kamar an rataye farin zare. Malam ya rage gudu. Ya yi maganar yadda ruwa yake sassaƙa dutse, ya yi maganar tsawon zamanin da hakan yake ɗauka, ya kawo misali, ya ƙara wani. Ya daɗe bai samu aji mai natsuwa irin wannan ba. Ba mai motsi, ba mai tambayar banza. Sai da ya zo kwanar nan da ya yi ta kwatantawa da hannu, ya juya sitiyari har ƙarshe, ya ce, "To, ga ta. Me na gaya muku?"

Shiru.

"Malam," in ji Inna, "da wa kake magana?"

Ya ɗaga ido ya dubi madubi. Umma ta jingina kai da gilashi, baki a ɗan buɗe. Auta ta kife a cinyar uwarta, waya na neman zamewa daga hannunta. Mamansa kuwa ta rungume jakarta, mayafi ya rufe mata rabin fuska, tana sharar barci irin na wadda ba ta da wata damuwa a duniya.

"Tun yaushe?"

"Tun wajen jar ƙasar nan taka. Ni na ɗauka ka sani, kana yi wa kanka ne."

Ya miƙa hannu baya ya taɓa gwiwar matarsa. "Umman yara. Umman yara, mene ne haka?"

Ta buɗe ido ɗaya. "Mun iso?"

"Ina muka iso? Me kika ba su?"

"Maganin amai ne. Kai ka ce kwana... har kunne..." Muryarta ta riƙa janyewa. "Yana ɗan sa barci."

"Ɗan?"

Amma ta riga ta koma.

Malam Taswira ya kama sitiyari da hannu biyu. Ya ce wannan ba kuskure ba ne, wannan shiri ne. Ya ce a duk faɗin ƙasar nan ba a taɓa jin inda mutum ya ɗauko iyalinsa don su ga ikon Allah aka bi su da ƙwaya aka kwantar ba. Ya ce ko marasa lafiyar da take jinya ai ana tambayarsu kafin a sa su barci. Ya ce da an gaya masa, da katifa da akwatuna kawai ya ɗauko, su ma haka za su yi shiru, kuma su ba sa munshari.

"Ni ma ta ba ni," in ji Inna. Ta kwance bakin mayafinta ta nuna masa wata 'yar farar ƙwaya. "Ban sha ba. Ni na haife ta, na san hannunta. Ranar da ta ba ni maganin mura sai da na kwana biyu ban san inda kaina yake ba."

"To me ya hana ki faɗa, Inna?"

"Wa ya tambaye ni? Kana can saman mota kana fushi da igiya."

A haka suka kai ƙololuwa. Filin yana nan yadda ya bar shi, har da wani faffaɗan dutse da ya zauna a kai yana saurayi. Ya kashe mota ya fita. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne wurin ya fi yadda yake ba da labari kyau. Da ma an gina wani abu ya tare, ko gajimare ya rufe, da ya samu wanda zai ɗora wa laifi ya huta. Amma sama garau. Ga garinsu can hagu, rufin kwano na walƙiya, har dogon tankin ruwan unguwarsu ana iya nunawa. Ga birnin can dama, fari-fari, a kwance a bakin kogi. Tsakaninsu kamar ka miƙa hannu biyu ka taɓa kowanne.

Ya zagaya ya buɗe ƙofar baya. "Mamana. Mamana, tashi ki gani."

Ta motsa.

"Tashi mana, minti ɗaya. Ga gida, ga can."

Ta ɗaga kai da ƙyar, idanu a lumshe, ta fuskanci bayan kujerar Inna, ta ce, "Kai, ya yi kyau, Baba," ta koma ta kwanta. Tun tana firamare haka take, ba ta son ta ɓata masa rai.

Ya tsaya riƙe da ƙofa. Ya yi tunanin yayyafa mata ruwa. Ya yi tunanin kama ta ya tsayar kamar buhu. Sai ya hango kansa, ƙaton mutum da furfura a gemu, yana jijjiga 'yarsa ma'aikaciyar asibiti a kan dutse don ta kalli tankin ruwa, ya saki ƙofar.

"Zo ka fitar da ni," in ji Inna. "Ƙafata ta sage."

Ya kama ta ya zaunar a kan faffaɗan dutsen. Ta juya fuska hagu da dama, iska na kaɗa mata mayafi.

"To, ina abin? Ka jawo mu duk wannan murɗe-murɗen. Ni fari kawai nake gani. Faɗa mini."

"Inna, ki bar shi kawai."

"Ka faɗa wa masu barci tun safe, ni da nake farke ce za ka hana?"

Ya yi ƙwafa. Ya fara a daƙile, kamar mai karanta sanarwa. Can ga gida. Can ga inda za ta zauna. Ga kogi. Sai bakin ya saba, ya manta da fushin na ɗan lokaci. Ya kama hannun Inna da sandar ya nuna mata hagu, ya juya da ita dama. Ya ce in mutum yana ƙasa sai ya ga kamar an raba garuruwan da duniya guda, alhali dutse ɗaya ne kawai a tsakani. Ya ce da yarinyar ta tsaya a nan sau ɗaya, ko ta yi shekara a can, duk ranar da ta leƙa taga ta hango dutsen nan za ta san gidansu na bayansa. Ya ce abin da yake so ta sani ke nan, ba wani abu ba. Gida ba nisa.

Inna ta janye hannunta. Can ta ce, "Shi ke nan? Wannan 'yar maganar ce ka kasa faɗa mata a falo?"

"A falo ba a ganin komai."

"Hmm. Uwarta ta ce ƙwayar ba ta sakin mutum sai wajen la'asar."

Ya dubi rana. Ta riga ta karkata. In ya jira a nan har yarinyar ta farka da idonta, za ta ga komai, kuma mai kula da gida zai kulle ya tafi da makullin a aljihu. Za ta fara aikinta na farko daga ɗakin wani masauki, kayanta a ɗaure a saman mota, ko rigar da za ta sa ba ta san akwatin da take ba. Ya tsaya yana kallon garuruwan biyu, yana jin haushin matarsa, da mai kula da gidan da bai taɓa gani ba, da wanda ya ƙirƙiro ƙwayar, da hannunsa na dama da ya yi ta murɗawa a iska jiya.

"Tashi mu tafi, Inna."

Gangarowa ya yi ba bayani. Sun tarar da mai kula da gidan ya riga ya hau babur, ƙafa ɗaya a ƙasa. Ya miƙo makulli ya ce da sun ƙara jinkiri kaɗan da sai dai wani makon. Malam ya karɓa, ya hau kwance igiya.

Ɗaki ɗaya ne da ɗan kicin, a hawa na biyu, yana warin sabon fenti. Sai da ya hau da katifa da akwati biyu shi kaɗai sannan masu barci suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, suna miƙa, fuskoki fes.

"Kai, hanyar nan ba laifi," in ji Umma. "Ko jijjiga ban ji ba. Ka ga ba wanda ya yi amai."

Ya ajiye akwatin ya dube ta. Ya buɗe baki, ya ga in ya fara ba zai gama ba kafin magariba, ya rufe.

Mamansa tana tsaye a tsakar ɗakin, riƙe da labule da ba ta san inda za ta rataye ba. "Baba, mun wuce wurin?"

"Mun wuce."

"Ka tashe ni?"

"Kin ce ya yi kyau."

Ta rufe baki da labulen. Inna, wadda aka zaunar a kan akwati, ta buga sanda a ƙasa. "Zo nan, 'yar barci, ni na gani a madadinki. Ubanki ya kama hannuna kamar zai karya, ya ce can ga tankin ruwa. Tankin ruwa fa, shi muka hau dutse mu gani. Ya ce wai in kin leƙa taga kin ga dutse ki san gidanku na baya. Wai gida ba nisa. Muryarsa har rawa take yi, na ɗauka sanyi ne."

"Iska ce," in ji Malam. "Akwai iska a wurin."

Yarinyar ta je taga ta murɗa ta buɗe. Bayan rufin maƙwabta da wayoyin lantarki, can nesa, ga dutsen, shuɗi-shuɗi. Ta daɗe a tsaye. Shi kuwa ya duƙufa yana gyara ƙafar gado da ba abin da ya same ta.

"Baba," ta ce ba tare da ta juyo ba, "hutun farko da za a ba ni, kai za ka zo ka ɗauke ni. Ta can za mu bi. Ni a gaba. Kuma ba abin da zan karɓa daga hannun Umma, ko ruwa."

"Ni direbanki ne? Ina da aji. Mota kuma ba iska take sha ba." Ya ƙara ɗaure ƙusar da take a ɗaure. "Ki dai faɗa da wuri, in nemi wanda zai riƙe mini 'yan aji uku."

Da suka sauko za su koma, Umma ta riga Inna zuwa wajensa, ta yi ƙasa da murya. Ta ce ta ga ransa ya ɓaci. Ta ce in yana so su koma ta kan dutsen, da sauran haske, ita da Auta za su buɗe ido tar, za su kalli duk abin da ya nuna, har tambaya za su yi.

Malam Taswira ya dube ta ta saman tabarau.

"Yanzu? Ku riga Mamana gani? Ku da kuka kwantar da ita?"

Ya tayar da mota. A mahaɗa ya bi sabuwar hanya, ya shige bayan wata tirela mai hayaƙi, ya ƙi wuce ta, don kowa ya kalla da kyau.